Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ga shi dogon hutun makarantu ya ƙarato, kuma duk wanda ya leƙa tashoshin motocin da ke lodin Legas, Kano, Sakkwato da Yamai, a Ankara ne ko a Kumasi, zai tarar jama'a sun fara tambayar kuɗin mota da ranakun tashi. A wurin 'yan Zango wannan lokaci ne na kai yara gida su ga kakanninsu, su san dangin da ba su taɓa jin muryarsu ba sai ta waya. Wasu kuma ba su tsallake iyaka, Tamale za su, ko Yendi, ko Wa, ko Bawku. Duk abu ne mai kyau, domin kuwa zumunta a ƙafa take.

To amma idan aka lura, za a ga cewa yawancinmu tsaraba ce ke cinye mana hankali. A yi ta zirga-zirga a kasuwa ana neman atamfa da goro da sabulun salo, a yi ta kai wa tela ɗinki, har sai daren tafiya sannan maigida ya tuna bai biya kuɗin ruwa ba, uwargida ta tuna zubin adashinta zai faɗo tana kan hanya, a rasa ma wanda za a bar wa makulli. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za mu duba ke nan a wannan wata: yadda mutum zai kimtsa gidansa da sha'aninsa kafin ya ɗaura kaya, ta yadda ko da tafiyar ta ɗauki lokacin da bai zata ba, babu abin da zai lalace a bayansa.

Ranar tashi ka sani, ranar dawowa sai Allah

Wannan magana ba ta wa'azi kaɗai ba ce, abu ne da muka gani da idonmu a 'yan shekarun nan. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai a watan Disamba na 2020. Ranar 22 ga Maris, 2020, Gana ta rufe nata iyakokin saboda annobar korona. An buɗe filin jirgin sama na Ankara a farkon Satumba na wannan shekara, amma iyakokin ƙasa irin su Aflao da Paga da Elubo ba a buɗe su ga matafiya ba sai ranar 28 ga Maris, 2022, watau shekara biyu cur. Har ila yau, bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, daidai lokacin da jama'a ke shirin tafiyar hutu, an rufe iyakokin ƙasar da Nijeriya da Binin, kuma ta ɓangaren Nijeriya ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta akwai mutanen da suka tafi da nufin yin mako biyu ko uku, suka wayi gari hanya ta toshe. Ko babu rufe iyaka ma, rashin lafiya, rasuwa a dangi, lalacewar mota ko ƙarewar guzuri na iya riƙe mutum. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce, idan ka ƙiyasta za ka yi mako uku, ka shirya gidanka kamar wanda zai yi wata biyu. Duk sauran bayanin da zai biyo baya a kan wannan ƙa'ida aka ɗora shi.

Kakanninmu fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja sun san haka sarai. Ayari kan yi watanni bai koma gida ba, don haka kafin madugu ya ba da umarnin tashi, kowane falke ya riga ya auna wa iyalinsa hatsi, ya faɗi wanda ke binsa da wanda yake bi, ya kuma ambaci wanda zai tsaya a madadinsa. Mota da waya sun rage nisa, amma ba su kawar da bukatar wannan shiri ba.

Wa za ka bar wa gida?

Kwaɗo komai girmansa ba ya jin ƙaurin hayaƙi, ba ya ganin yoyon rufi, ba ya kuma amsa sallamar mai gidan haya. Mutum ne ke tsare gida. Don haka abu mafi muhimmanci a duk shirin nan shi ne samun wakili guda ɗaya wanda ka yarda da amanarsa, wanda kuma yake kusa da gidan. Ɗan'uwa da ke Madina ba zai yi wa mai gida a Sabon Zango amfani ba idan wuta ta tashi da tsakar dare. Maƙwabci na ƙwarai ya fi shi.

A lura, mun ce guda ɗaya. Idan ka bar makulli hannun mutum uku, ranar da wani abu ya ɓace babu wanda za ka tambaya ba tare da ka ɓata da sauran ba, kuma kowannensu zai ɗauka ɗayan ne ke lura da gidan. Ka je wurin mutumin da ƙafarka tun da sauran kwanaki, ba ta hanyar aike ba, ka roƙe shi cikin ladabi, alal misali: "Alhaji, in Allah ya yarda ranar Asabar za mu tashi. Na zo ne in roƙi arziki, in bar maka ɗaki amana har mu dawo." Idan ya nuna yana da uzuri kada ka matsa masa, domin amanar da aka karɓa don kunya ba ta cika samun kulawa ba.

Bayan ya amsa, sai ka rubuta masa takarda guda, wadda za ta ƙunshi lambar wayar da za a same ka a can, da lambar wani ɗan'uwanka na can idan taka ta ƙi shiga, da lambar mai gidan haya, da lambar mitar wuta da ta ruwa, da abin da kake so a riƙa yi da ranakun yinsa. Ka nuna masa inda ake kashe wutar ɗaki baki ɗaya da inda ake rufe ruwa. Ka kuma bar masa ɗan kuɗi na ko-ta-kwana, ka faɗa masa iyakar abin da zai iya kashewa ba tare da ya neme ka ba. Bai dace ka ɗora wa mutum wahala sannan ka ɗora masa asara ba. Ka ƙara masa da lambobin gaggawa: 112 ga kowane irin haɗari, 192 ga 'yan kwana-kwana, 191 ga 'yan sanda.

Idan akwai zinari ko kuɗi ko takardun fili da za ka ba shi ajiya, a ƙirga a gaban shaida, a rubuta, kowa ya riƙe nasa. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare ku duka, musamman shi mai karɓar, wanda in ta Allah ta kasance a kan ɗayanku, iyalinsa ne za su sha tambaya.

Wuta, gas da ruwa

Ba sai an faɗa wa mazaunin Gana ɓarnar gobara ba. Wutar da ta cinye kasuwar Kantamanto a farkon Janairu na 2025 da waɗanda suka sha tashi a kasuwannin Kumasi suna nan a zukatan jama'a. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A unguwanninmu inda ɗakuna ke manne da juna, ga shagunan katako a ƙofar gida, ga lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga, wutar da ta tashi a ɗakin da ke kulle ba a ɗakin kaɗai take tsayawa ba.

Hatsarin ya fi yawa ne a lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi. Kashe talabijin da rimot bai isa ba, sai an zare shi daga bango. Haka fanka, dutsen guga, hitar ruwa, cajar waya da injin ɗinki. Idan babu abin da ya zama dole a bari a kunne, abin da ya fi shi ne a kashe wutar ɗakin daga babban makunni. Wanda yake da mitar kati ta ECG, ko ta NEDCo ga mutanen arewa, kuma ya bar firiji ko fitilar waje a kunne, sai ya sa kuɗin da zai wuce kwanakin tafiyar, ya kuma ajiye lambar mitar a wayarsa, tunda yanzu ana iya sayen wuta ta waya daga nesa. A gidan haya da ake tarayya a mita ɗaya, a zauna da sauran 'yan haya tun kafin tafiya a yanke abin da matafiyi zai biya, don kada a dawo a tarar da rigima tana jira.

Game da firiji kuwa, shawara mafi sauƙi ita ce a cinye abin da ke ciki ko a rabar, a kashe shi, a goge, a bar ƙofarsa a buɗe kaɗan don kada ya yi funfuna. Injin daskarewa ko ya cika maƙil bai fi kwana biyu yake riƙe sanyi ba idan babu wuta. Wanda ya taɓa buɗe firijin da nama ya ruɓe a ciki ya san ba a cika raba shi da warin ba.

Tukunyar gas a cire mata kai gaba ɗaya, a ajiye ta a tsaye inda iska ke shiga, nesa da rana da kuma inda ake hura gawayi. Ruwa kuma a rufe shi daga wajen mita. Sau da yawa akan buɗe famfo a ranar da babu ruwa, a manta ba a rufe ba, sai ruwa ya dawo bayan an yi nisa ya kwana yana zuba, ya jiƙa katifa da darduma, ya shiga ɗakin maƙwabci, sannan ga takardar biya mai nauyi a ƙarshen wata.

Kada a manta da damina

Masu tafiya a watan Agusta sukan bar Ankara da Kumasi cikin ɗan sauƙin ruwa, sai su manta cewa ƙaramar damina na shigowa a watan Satumba. A arewacin ƙasar kuwa, Agusta da Satumba su ne tsakiyar ruwa, kuma a wannan tsakani ne aka saba sakin ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, wanda kan mamaye gonaki da gidajen da ke kusa da kogi. Mutanen Ankara ba za su manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah suka hallaka mutum fiye da 150.

Don haka mazauna wurare masu kwari, irin su Alajo da Fadama da gefen babbar kwatar Nima, da Aboabo a Kumasi, su ɗaga kayansu daga ƙasa kafin su tafi. Katifa a jingine ta a kan gado ko tebur, buhun masara da shinkafa a ɗora su bisa katako, akwatin tufafi da littattafai su hau sama. A sa kafinta ya duba kwano ya buga ƙusa inda ta saki, ya liƙe inda ke yoyo. A yashe kwatar ƙofar gida da indararo. Duk wani bokiti, randa, tsohuwar taya ko gwangwani da zai tara ruwa a kife shi ko a rufe shi ruf, saboda sauro ba ya bukatar fiye da kwana 10 kafin ya tashi daga ƙwai ya fara cizo, kuma maƙwabtan da ka bari su za su sha zazzaɓin.

Hatsi da wake a shanya su su bushe sosai, a zuba a mazubi mai murfi saboda ƙwari da ɓeraye. A kwashe shara, a wanke kwanuka, kada a bar jiƙaƙƙen tufa a cikin kwando. Mai mota ko babur ya cire kan batir, ya ajiye abin hawan inda ruwa ba ya kwanciya, kuma ya yanke tun yanzu ko ya yarda a hau ko bai yarda ba, ya faɗa a fili. Mai kiwon tumaki, kaji ko tattabaru ya sayi dusa da harawar da za ta isa har da rara, ya kuma yi wa yaron da zai kula da su alkawarin lada. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, amma akwai alhakinta a wuyan wanda ya ɗaure ta ya tafi.

Haya, adashi da bashi

Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 gaba, amma kowa ya san yadda abin yake a zahiri, shekara ɗaya ko biyu ake nema. Tunda ba kowane wata ake biya ba, mutane da yawa ba su riƙe ranar da kuɗinsu zai ƙare. Ka ɗauko rasidinka ka duba. Idan wa'adin zai cika kana can, ko jim kaɗan bayan dawowarka, ka zauna da mai gida yanzu ku daidaita, a kuma rubuta abin da aka amince. Ko da wa'adi da saura, ladabi ne ka sanar da shi za ka yi tafiya, ka gabatar masa da wakilinka, don kada ya ga baƙon mutum na buɗe ɗaki ya ɗauka ka sa wani a haya a ɓoye. Uwargida kuma ta shirya da matan gida a kan layinta na shara da wankin bayan gida, ko ta yi musanye ko ta biya wadda za ta yi mata. Ƙaramin abu ne, amma irinsa ne ke haddasa gabar shekara.

Adashi shi ne abu na biyu. Zubi ba ya tafiya hutu. Idan mace ta riga ta kwashi nata sannan ta yi tafiya ba ta bar zubi ba, ta cuci waɗanda ke bayanta a layi, kuma ko ta dawo ta biya, sunanta ya riga ya taɓu. A bar kuɗin wurin uwar adashi tun kafin a tashi, ko a shirya turawa ta waya a kan lokaci. Idan kwasarki ce za ta faɗo kina can, ki ambaci wanda zai karɓa a gaban shaida. Masu zubin susu na kullum su ma su rufe katin wata da mai karɓa, su karɓi abinsu ko a rubuta abin da ya rage a hannunsa.

Sai bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya sulale da asuba mai binsa ya ji labari a bakin wasu, alhali ya gan shi yana ɗinka sababbin kaya. Wanda za ka iya biya ka biya, tun daga mai kanti har mai koko da tela. Wanda ba za ka iya ba ka je ka same shi ka nemi ya ɗaga maka ƙafa, ku sa rana. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kuma malaman tarihi sun nuna cewa a lokacin Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyidina Ali a Makka ne domin ya mayar wa mutane ajiyarsu. To ina ga mai tafiyar hutu da ke riƙe da ɗinkin mutane, ko wayoyin da aka kawo gyara, ko kuɗin ƙungiya?

Mai shago ya ƙirga kaya tare da yaronsa, su rubuta, su sa hannu. Ya faɗi wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, da inda za a riƙa kai ciniki kowane mako. Yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin ubangida da yaro bayan tafiya ba sata ce ke kawo shi ba, rashin ƙirge ne tun farko.

Takardu

Daga Ankara zuwa Legas bai kai kilomita 500 ba, amma sai an tsallake iyaka uku: Aflao, da ta Togo da Binin, da kuma Seme. Daga Legas zuwa Kano kuma akwai kimanin kilomita 1,000. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ba biza har kwana 90, amma da sharaɗin yana ɗauke da takardar tafiya mai rai da katin rigakafi. A duba fasfo na kowa da kowa tun da sauran wata guda, a haɗa da katin ɗan ƙasa. Allurar zazzaɓin shawara sai ta kwana 10 a jiki kafin katinta ya fara aiki, amma tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka wanda yake da tsohon katinsa ya adana shi da kyau.

Masu zuwa Nijar su tuna cewa ita da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu, 2025, kuma hanyar gabashin Burkina ta sha fama da rashin tsaro. Kafin a yanki tikiti a je tasha a tambayi direbobin da suka dawo a makon, wace hanya ake bi, wace takarda ake nema. Labarin bara ba ya amfani a kan iyaka.

Yara kuma a tafi da takardar haihuwarsu. Idan yaro zai bi kawunsa ko goggonsa ne ba tare da iyaye ba, a rubuta takardar amincewa da sa hannun uba da lambar wayarsa, saboda jami'an kan iyaka na sa ido a kan masu safarar yara. Katin inshorar lafiya na NHIS ba ya aiki a wajen Gana, amma a sabunta na waɗanda za a bari a gida, ana yi ta waya da *929#. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganin da zai ninka kwanakin tafiyar, da sunan maganin a rubuce.

Takardun da ba za a tafi da su ba, watau na fili, na gida, na aure, na makaranta da rasidan haya, a sa su a leda a cikin akwatin ƙarfe, a ɗauki hotonsu a waya. Dattawan Zango suna tune da dokar korar baƙi ta watan Nuwamba na 1969, zamanin Busia, lokacin da aka ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar, mutane da dama suka sayar da dukiyarsu a wulaƙance ko suka bar ta hannun wasu da baki kawai. Tun daga ranar aka san darajar takarda.

Waya da baki

Kuɗin mutane da yawa yanzu a cikin MoMo yake, kuma layin waya ɗaya ne ke riƙe da shi. Kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko da wakilinka ne. In akwai abin da zai biya, ka tura masa kuɗin. Ka tambayi kamfanin wayarka ko layinka zai yi aiki a ƙasar da za ka, kuma ka tuna cewa layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓe shi. Guzuri kuma a raba shi wuri biyu ko uku, a canza kaɗan zuwa sefa don Togo da Binin, sauran zuwa naira ga masu wucewa Nijeriya.

Ka kuma gargaɗi iyalin da ke gida game da 'yan damfara masu bugo waya su ce wane ya yi hatsari a hanya, a turo kuɗi maza-maza. Ku yi alkawari cewa ba za a tura ko sisi ba sai an ji muryarka ko ta ɗan'uwan da ka ba da lambarsa. Matasa kuma a ja musu kunne a kan sa hotunan tasha da na hanya a Facebook da TikTok da WhatsApp. Wanda ya sanar wa duniya cewa duk gidan sun tafi Kano sai bayan wata guda, ya yi wa ɓarawo rabin aiki. Hotuna ba su ruɓewa, a bari sai an dawo.

Maganar da ba a son yi

Saura wasiyya. Da yawa daga cikinmu na ganin kamar rubuta ta kiran mutuwa ne, alhali kuwa hadisin Abdullahi ɗan Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kwaɗaitar da duk mai abin da zai yi wasiyya a kansa da kada ya ɗauki kwanaki ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Maniyyata aikin Hajji sun saba yin haka, kuma hanyar Legas ba ta fi ta Makka aminci ba.

A nan Gana akwai ƙarin dalili. Dokar gado ta 1985, wadda aka fi sani da PNDC 111, ita ke aiki a kotu kan dukiyar wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, kuma rabonta ba daidai yake da rabon gado na Musulunci ba. Wanda ke son a raba abinsa bisa Shari'a, hanyar da ta fi tsaro ita ce ya rubuta haka. Dokar wasiyya ta 1971 ta bukaci ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa nasu. Kada a sa wanda zai amfana da wasiyyar a cikin shaidu. A nemi malami a nemi lauya, aikin yini ɗaya ne. Wanda bai samu yin wannan ba kafin tafiya, aƙalla ya rubuta abin da ya mallaka, da abin da ke hannunsa na mutane, da basussuka, ya sanar da matarsa ko babban ɗansa inda takardar take.

A taƙaice

Idan tafiya ta rage wata guda, a duba fasfo, rigakafi, haya da rufin ɗaki, a kuma nemi wakili. Idan ta rage mako guda, a biya bashi, a bar zubi, a ƙirga kayan shago, a sayi abincin dabbobi, a tanadar wa tsofaffin da za a bari abinci da magani da wanda zai riƙa leƙa su safe da yamma. Ana gobe tafiya a kwashe firiji, a ɗaga kaya, a zaga a yi sallama da maƙwabta da limamin unguwa, a nemi gafara. Da safe kuma mutum ɗaya ya tsaya a baya ya bi ɗaki-ɗaki: wuta, gas, famfo, taga, sakata, sannan ya miƙa makulli hannu da hannu.

Ranar dawowa, kafin a kunna fitila ko a ƙyasta ashana, a buɗe ƙofa da tagogi a shinshina ko akwai warin gas. Kuma kada a manta da wanda ya tsare gidan. Tsarabarsa ita ce ta farko da ya kamata a saya, godiyarsa kuma a kai masa har gida, domin baɗi ma za a sake bukatarsa.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya sa su tarar da dangi lafiya, ya tsare abin da suka bari, ya kuma dawo mana da su cikin aminci. Amin.